Rasit Ba Ya Tare Ɓarawon Daji

Duk majalisar da ka zauna a Talata Mafara ko Maradun, in aka taɓo zancen infoma, a kan baƙo ake ƙarewa. Wai duk mai ɗakin da ke karɓar kuɗi ya bar mutum ya kwana biyu ko uku, a tilasta masa rajista da hukuma, ya biya kuɗin lasisi, kuma kada ya buɗe wa kowa ƙofa sai an nuna masa katin ɗan ƙasa. 'Yan boko har da kafa hujja da Amurka da Sifaniya. Ni dai ban ga abin da wannan tsari zai hana ba, in ban da barcin talaka.

Ciwon Turawa daban ne. A Satumban 2023 birnin New York ya fara tilasta wa masu bayar da gidaje ta Airbnb yin rajista, a 2024 kuma Barcelona ta ce kafin ƙarshen 2028 za ta soke lasisin gidaje kusan 10,000. Dalilinsu, 'yan yawon buɗe ido sun mamaye gidaje har ɗan gari ya kasa biyan haya. To, wa ke zuwa ƙauye irin Dosara hutu?

Masu kwana a ɗakunanmu sanannu ne. Akwai falken da ke isowa Mafara daren Litinin don ya riski kasuwar Talata da sassafe. Akwai ɗan ƙwadagon da ya zo yankan shinkafa a fadamar Bakolori, da uban da ya kawo ɗansa makarantar Abdu Gusau dare ya yi masa. Amma mafi yawansu a yau 'yan gudun hijira ne. Mace ce za ta tsaya bakin zaure bayan magariba, goyo a baya, tukunya da tabarma a ka, yara uku riƙe da gefen zanenta, ƙafafunsu duk ƙaya. An tashe su da tsakar dare, ko takalmi ba ta ɗauko ba. Mai gida ya kwashe buhunan da ke ɗakin zaure ya ba ta, ta riƙa biyan ɗan abin da ta samu daga surfe da wankau. Wannan ce za a ce ta fito da kati? In babu, ta kwana a tasha? Shi kuma dattijon da ya rufa mata asiri ya zama mai otal marar lasisi?

Ba na musun ikon gwamnati. Tun 2013 Kotun Ƙoli ta yanke cewa lasisin otal hurumin jihohi ne, ba na tarayya ba, kuma a 2022 gwamnatin Bello Matawalle, ɗan Maradun, ta umarci masu otal su tantance baƙinsu da katin shaida. Otal mai allo da ɗakuna birjik a Gusau, wannan daidai ne. Abin da nake musu shi ne imanin da aka yi cewa takarda na kama mugu. Tun Disamban 2020 ake wahalar da mutane kan haɗa layin waya da lambar NIN, tsofaffi na yini a layi cikin rana. Yau da me ɓarayin daji ke kiran iyalai su yi cinikin kuɗin fansa? Da waya. A 2021 an rufe kasuwannin mako, an katse layukan waya a jihar nan, kowa ya ga wanda ya fi jin jiki. Waɗanda suka kwashi 'yan matan Jangebe a Fabrairun shekarar ba ɗaki suka kama ba, kan babura suka zo daga daji.

Infoma kuwa, mu daina yaudarar kanmu, sau da yawa ɗan gari ne. Shi ya san wanda ya sayar da sa jiya, shi ya san ɗakin da mai gida ke kwana. Baƙon kwana biyu ko hanyar masallaci sai ya tambaya.

Kuma ba yau muka fara saukar baƙi ba. Tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, falke yana da fatomansa a kowane zango. Fatoma ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a ciniki, in kuma baƙon ya yi ɓarna shi ake kamawa. Sunansa ne jingina. Wannan ya fi lasisi nauyi nesa ba kusa ba, domin ranar da aka mayar da abin rajista, mai mugun nufi ne zai fara biya, tunda shi ke da kuɗi, ya manna rasit a bango, babu mai sake tambayarsa. Marar kuɗi kuma ya zama abincin masu zagayen dare, kowane mako a zo karɓar na goro. Mutanen yankin nan, da aka tashi iyayensu saboda dam ɗin Bakolori aka kuma buɗe musu wuta a 1980 kan neman diyya, sun san yadda takardar hukuma ke ƙarewa.

A raba abin biyu. Mai allo da ma'aikata ya yi rajista ya biya haraji. Mai ɗakin zaure ya kai baƙonsa wurin mai unguwa, a san sunansa da garinsu da wanda ya tsaya masa, ba tare da an karɓi ko sisi ba. In kuma gwamnati na son sanin inda 'yan gudun hijira ke kwana, ta gina musu wurin kwanan.