Giyar Inabin Piemonte: Yadda Tsauraran Ƙa'idoji Suka Zama Jari

Ko ɗan kasuwar da ba ya kusantar giya saboda addininsa ba zai rasa abin koyi ba a lardin Piemonte da ke arewa maso yammacin Italiya. A can ne aka nuna wa duniya cewa sunan kirki dukiya ne, kuma ƙa'ida mai tsauri ce ke tsaronsa.

Manoman tuddan Langhe da Monferrato suna noma inabi iri-iri. Barbera ya fi yawa a cikin jajayen inabin lardin, Dolcetto kuwa yana nuna da wuri, yayin da Moscato fari ke samar da giyar Asti mai zaƙi. Amma sarkinsu shi ne Nebbiolo, wanda ake alaƙanta sunansa da hazon kaka, domin ba a tsinkarsa sai a watan Oktoba. Daga gare shi ake yin Barolo da Barbaresco, waɗanda aka ba su matsayi mafi girma na DOCG a shekarar 1980.

Wannan matsayi ba a samunsa da arha. Dole ne Barolo ta fito daga Nebbiolo zalla, a cikin gundumomi 11 kawai, kuma kada amfanin hekta ɗaya ya wuce tan 8. Bugu da ƙari, sai an adana ta wata 38, daga ciki 18 a gangar katako, kafin ta shiga kasuwa. Barbaresco kuwa wata 26 take jira. Ke nan manomi yana ɗaure jarinsa har shekara uku kafin ya ga ko sisi.

Masu cewa irin waɗannan dokoki na shaƙe kasuwanci ya kamata su tuna da shekarar 1986. A watan Maris na shekarar aka gano cewa wasu 'yan algus, ciki har da wani gidan giya a garin Narzole, suna zuba sinadarin methanol mai guba a giya mai arha don ƙara mata ƙarfi. Aƙalla mutane 19 suka rasu, wasu kuma suka makance. Ƙasashe irin su Jamus suka tsare kayan Italiya a kan iyaka, aka samu raguwar kusan kashi ɗaya cikin uku na giyar da ƙasar ke fitarwa. Wake ɗaya ya ɓata gari, masu gaskiya suka biya kuɗin laifin da ba su aikata ba.

Italiya ba ta rufa-rufa ba. Ta ƙarfafa bincike, sannan a 1992 ta sabunta dokar sunayen yankuna a ƙarƙashin ministan gona Giovanni Goria, ɗan asalin Asti. Manoma suka juya daga neman yawa zuwa neman inganci. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya gonakin cikin wuraren tarihi na duniya. Ƙananan manoma ma ba a bar su a baya ba, domin ƙungiyar gama kai ta Produttori del Barbaresco, wadda aka kafa a 1958, ta yi suna a kasuwannin duniya.

Babu shakka nasarar ta zo da nata ƙalubale. Farashin hekta ɗaya a Barolo ya haura Yuro miliyan 1, abin da ya fi ƙarfin matashin manomi, kuma a 2016 wani iyalin Amurka ya sayi tsohon gidan Vietti. Wannan matsala ce ta gaske da ya wajaba hukumomin lardin su duba. Sai dai matsalar arziki ce, wadda ta fi matsalar 1986 sauƙi nesa ba kusa ba.

Saboda haka duk masu sana'a ɗaya da ke cin abinci da sunan garinsu, wajibi ne su riƙa sa wa juna ido. Idan suka bar maha'inci ya sake a tsakaninsu, ranar da asirinsa ya tonu, mai saye ba zai tsaya bambance mai gaskiya da maƙaryaci ba.