Rinar Brazil Mai Sunan Angola

A Fotugal, ƙwaron nan mai harbi da muke kira rina sunansa vespa, kalmar da Fotugis ya gada daga Latin. Ita ce kuma Italiyawa suka laƙaba wa babur ɗin Vespa a 1946. Amma in ka tsallaka teku zuwa Brazil, inda Fotugis ɗin dai ake yi, za ka ji mutane na cewa marimbondo. Wannan suna daga Kimbundu ya fito, harshen mutanen yankin Luanda a Angola.

A Kimbundu, “ma” ɗin farkon kalmar alamar jam'i ce. Masu Fotugis ba su san haka ba, sai suka ɗauki jam'in a matsayin tilo, suka ƙara masa “s” in suna nufin da yawa.

Yaya aka yi harshen bawa ya kutsa cikin na ubangida? Daga ƙarni na 16 zuwa na 19 an kai 'yan Afirka sama da miliyan 4 Brazil, kuma mafi yawansu daga gaɓar Angola da Kongo aka loda su. Sai a 1888 aka soke bauta a ƙasar. A tsawon wannan zamani, wa ke saran rake, wa ke share daji? Wanda rina ta harba shi ke kiran sunanta da ƙarfi, kuma da harshen uwarsa zai kira. 'Ya'yan iyayengiji ma a bayan kuyangi suka tashi, shi ya sa har gobe auta a Brazil caçula ne, yaro ɗan ƙiriniya kuma moleque, duka daga Kimbundu.

Hausawa ma an kai su yankin Bahia na Brazil, har suka shiga boren Musulmi na 1835 a birnin Salvador, sai dai sun iso a makare, kuma ba su kai yawan da za su yi wa Fotugis irin wannan tambari ba.

Don haka ban yarda da masu cewa binciken asalin kalma aikin marasa abin yi ba ne. Takardun fatake sun rubuta adadin bayi da farashinsu, ba su rubuta me suka faɗa ba. Mai son jin bakinsu, sai ya tono shi daga irin waɗannan kalmomi, kuma ya kamata jami'o'inmu su ɗauki aikin da muhimmanci.