Akuyar Talaka Ba Ta da Likita Sai Wuƙa

Wallahi abin nan ya kai ni bango. A ƙasar da da wuya ka leƙa gida a karkara, kai har lungunan birni, ba ka tarar da akuya ko tunkiya ko 'yan kaji a tsakar gida ba, a ce yau nema wa dabba magani ya koma sai mai hali? Dusa ta yi tsada, mun haƙura. Harawa da ƙowa sun yi tsada, mun haƙura. Wanda ya turke rago wata da watanni yana jiran Babbar Sallah ya san yadda yake rage wa iyalinsa cefane domin ragon ya ci. Duk wannan mai sauƙi ne. Ranar da dabbar ta wayi gari ta ƙi taɓa abinci, ta raɓe jikin katanga ta sunkuyar da kai, ranar ce cikin mai ita ke ɗurar ruwa, domin ya san zaɓi biyu ne a gabansa: ko ya nemo kuɗin da ba shi da su, ko ya aika a kira mahauci.

Kuma ka san wa ke da yawancin awakin nan? Mata. Da ɗan akuya ake biyan kuɗin jarrabawa, da shi ake haɗa kayan ɗakin 'ya, da shi ake zuwa asibiti idan haihuwa ta zo da gardama. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san haka, har da kwamishinonin da ke yi kamar ba su sani ba.

Akwai wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu da 'yan awaki. A wani hunturu ciwo ya shigo unguwa, ya kama babbar akuyarta, ja ce irin ta Sakkwato, ga ta da ciki. Na gan ta da idona. Majina ta toshe hanci tana numfashi da baki, kwantsa ta liƙe idanu, leɓe duk ya yi gyambo, zawo mai wari ya ɓata ƙafafun baya har ƙuda na bi. Na raka ɗanta asibitin dabbobi na gwamnati. Gini na nan, allo na nan da rubutu ɓaro-ɓaro. A ciki firij ne a buɗe ba wuta, kanta kuma ba komai sai ƙura da kwalayen da babu kome a ciki. Ma'aikacin da muka tarar mutumin kirki ne, ba na ɗora masa laifi ko kaɗan. Ya yago takarda ya rubuta mana abin da za mu sayo a kasuwa: magani, sirinji, har da safar hannun da zai saka. In kuma ana so ya zo gida ya duba, sai an zuba masa mai a babur, domin ofis bai ba shi ko kwabo na fita aiki ba. Da yaron ya haɗa lissafi, kuɗin ya tasam ma rabin abin da za a taya akuyar tana da lafiya. Sannan mutumin ya faɗa mana gaskiya: ciwon ba shi da maganin da ke kashe shi kai tsaye, allurar za ta taimaka wa jiki ne kawai, ko ta tashi ko ba ta tashi ba. Da an yi mata rigakafi, in ji shi, da ba a zo nan ba.

Uwar ba ta yi dogon tunani ba. Kafin la'asar mahauci ya zo, ya yi tayin wulaƙanci don ya ga idonta ya rufe, ta sallama.

Ciwon nan da likitoci ke kira PPR ba baƙo ba ne. An gano shi a Kodebuwa tun 1942. Allurar rigakafinsa guda ɗaya tak na kare akuya ko tunkiya shekara uku ko fiye, sau da yawa iyakar rayuwarta ke nan a gidan mai kiwo. Kuma ka ji abin takaici: ƙwayar cutar da aka raunana aka yi wannan rigakafin da ita, wadda ƙasashe da dama ke amfani da ita, daga Najeriya aka samo ta a 1975, sunan ƙasarmu ma take ɗauke da shi. Muna da cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, jihar Filato, tun 1924, tana haɗa rigakafi. A 2015 duniya ta taru a Abijan aka yi alkawarin kawar da PPR kafin 2030. To ina allurar? Me ya hana ta isa bayan ɗakin maƙwabciyar tamu? Kuɗin rigakafin akuya ɗaya bai taka kara ya karya ba. Matsalar kai shi ce: yana son sanyi daga Vom har wuyan dabbar, kuma kwalba ɗaya ta dabbobi masu yawa ce, da an haɗa ta da ruwa dole a ƙarar da ita cikin 'yan sa'o'i. Mai akuya uku ba za ta iya sayen kwalba don kanta ba. Aikin hukuma ne ta tara awakin unguwa a rana ɗaya ta yi musu. Shi ke nan fa abin da ake nema.

Kada wani ya ce mana ba zai yiwu ba, domin an taɓa yi. Tambayi dattawan Fulani labarin bushiya. A 1962 aka fara gangamin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, malaman dabbobi suna bi ruga-ruga, a yi wa saniya allura a yanke mata alama a kunne don a san an yi. A lokacin babu wayar salula, babu kwalta a rabin hanyoyin da muke bi yau. Da aka yi sakaci cutar ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi ɓarna mai yawa, aka sake tashi tsaye, har a 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a doron ƙasa. Kakanninmu sun ga malamin dabbobi a ƙofar ruga, mu jikoki da muke da jami'o'in koyon likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri sai mu biya masa kuɗin mai kafin mu gan shi. Yaran da ke fitowa daga makarantun nan kuwa, jihohi ba sa ɗaukarsu aiki yadda ya kamata, sai ka tarar da likita guda yana riƙe da ƙananan hukumomi da dama, wasu sun koma sayar da abincin kaji, wasu sun bar fannin ɗungurungum.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Yawancin magungunan dabbobi daga waje ake shigo da su, da dala. Kafin tsakiyar 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Maganin tsutsar ciki, maganin kaska, maganin sammore, kowanne ya yi tashin gwauron zabo, har da kuɗin hawa babur zuwa inda ake sayarwa.

Sai talaka ya nufi inda aljihunsa zai iya, wato teburin mai magani a gefen kara. Je Wudil ko Maigatari ko Potiskum ko Mai'adua ranar kasuwa ka kalli ikon Allah. Kwalabe ne jere a kan tabarma ko baro, rana na dukansu tun hantsi, takardar jikin wasu ta koɗe har ba ka iya karanta ranar lalacewa. Mai sayarwa bai taɓa shiga aji ko na sati ɗaya kan dabba ba, amma shi ne likita, shi ne mai ba da magani. Ko me ka ce na damun dabbarka, amsar ɗaya ce, a yi mata allurar da suke kira LA. Zawo LA, tari LA, ɗingishi LA, boru ma LA. Bai auna nauyin dabba ba, da ido yake zuƙa, kuma allurar da ya caka wa ragon wani ita zai caka wa naka. Wani maganin na jabu ne, wani an surka shi. Ka biya kuɗi, dabba ba ta tashi ba, ka sake biya, ƙarshenta dai wuƙar da kake gudu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ina masu NAFDAC suke ranar kasuwa? Maganin dabbobi ma a ƙarƙashinsu yake.

Na sani, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Akwai masu kiwon da ko an kawo rigakafi kyauta sai sun ɓoye dabbobi, don tun zamanin jangali suke tsoron ƙirga. Akwai wanda zai ɗirka wa sa magani yau ya kai shi kwata gobe, alhali a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin a ci naman ko a sha nonon. Wannan zalunci ne, domin ragowar maganin cikinmu yake shiga, ni da kai da 'ya'yanmu, har wata rana a ba yaro maganin asibiti ya ƙi aiki. Amma wa ya zauna da su ya yi musu bayani? Mai karɓar haraji ne kaɗai ma'aikacin gwamnatin da suka sani.

Shi kam ba ya makara. Ka shigar da dabba kara, rasit. Ka fito da ita, rasit. A ɗora a tirela zuwa Legas ko Fatakwal, shinge bayan shinge ana miƙa hannu. A kwata a biya kuɗin duba nama, ko an duba ko ba a duba ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ina kuɗin nan ke tafiya da ba za a iya saka wa firij ɗin asibitin dabbobi sola ba?

Sai kuma masu cewa ai a yi inshora. Duk taron da aka yi a otal kan kiwo sai wani ya tashi ya ce matsalar makiyaya ita ce ba su rungumi inshora ba. Wace inshora? Gwamnatin tarayya ta kafa tsarin inshorar noma na NAIC tun 1987, kuma doka ta tanadi gwamnati ta ɗauke wa manomi rabin kuɗin da zai biya. Shekaru kusan arba'in ke nan. Shiga unguwarku ka tambayi masu kiwo mutum nawa suka taɓa jin sunan. Wanda ya san da ita galibi mai babbar gonar kaji ne, ko wanda ya ci bashin banki aka wajabta masa. Kuma duba yadda inshorar dabba take aiki a ko'ina: kafin a karɓe ka, ana son shaidar likita cewa dabbar lafiyarta ƙalau kuma an yi mata rigakafi. Idan ta mutu, ana son ka sanar da wuri, likita ya zo ya duba gawar ya rubuta abin da ya kashe ta. Wane likita? Wanda babu shi a ƙaramar hukumar? Wane rigakafi? Wanda ba a kawo ba? Sannan kana Musulmi, dabbarka na shure-shure a gabanka, ka naɗe hannu ta zama mushe don a samu abin rubutawa a takarda? Wanda ya tsara wannan bai taɓa kwana a gidan da ake kiwo ba.

Kuma kada a yaudare mu da cewa a ƙasashen Turawa komai daidai yake. A Ingila masu karnuka da kyanwoyi kuka suke yi wiwi da tsadar asibitin dabbobi, har hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci ta buɗe cikakken bincike a 2024, bayan ta gano manyan kamfanoni shida sun mallaki kusan kashi 60 cikin 100 na asibitocin, alhali a 2013 kusan kashi 10 ne. Inshorar ma da suke biya wata-wata tana ƙara kuɗi yayin da dabba ke tsufa, kuma ba ta ɗaukar ciwon da dabbar ke da shi tun kafin a shiga. Irin wannan tsarin ne ya fara tsiro a Abuja da Legas, asibitoci masu sanyi na karnukan gidan manya da dawakin folo. Ba na baƙin ciki da kare ya samu magani, addininmu ya hore mu da tausayin duk mai rai. Abin da ke ƙona min rai shi ne likitan da aka koyar da kuɗin talakawa ya rasa inda zai ci abinci sai a can, akuyar da ke riƙe da gidan marayu kuwa ta rasa mai kallonta.

In da gaske ake, akwai abin koyi kusa. A arewacin Kenya, a yankin Marsabit, tun 2010 aka fara inshorar da ba ta neman gawa: tauraron ɗan'adam ke auna yawan ciyawa, idan fari ya kai wani mizani sai a biya makiyayi. A 2013 aka kawo irinta ta takaful a Wajir saboda Musulmi. Ta fari ce kawai, ba ta ɗaukar ciwo, amma aƙalla an zauna an dubi yadda makiyayi ke rayuwa kafin a rubuta sharuɗɗa. Ga Nijar nan maƙwabciyarmu, da ɗan abin hannunta, duk shekara sai ta ƙaddamar da gangamin rigakafin dabbobi kyauta na ƙasa baki ɗaya. Mu nan sai jihar da ta ga dama, a shekarar da ta ga dama, a yi wa saniya ɗaya allura a gaban kyamara, manya su shige mota.

A 2022 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin bunƙasa kiwo na L-PRES. Bashi ne, mu za mu biya, har da matar da ta sallama akuyarta. A watan Yulin 2024 aka ƙirƙiri ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya, daga baya aka ba ta minista da ofisoshi da motoci. To madalla. Ni ba na neman a yi min bayanin kiwon zamani ko shanun da za a kawo daga ƙetare. A ɗauki likitocin da ke zaune ba aiki. A horar da samari biyu a kowace mazaɓa, a ba su akwatin ƙanƙara da babur da mai. Kwamishinan da abin ya shafa a jiharmu ya shiga gidan rediyo kafin hunturu ya kama, ya faɗi rana da wurin da za a kawo awaki da tumaki na kowace unguwa, mai unguwa ya sa a yi shela, kuma ranar ta zo a tarar da allurar da sanyinta.