Wanda Aka Sallama Daga Aiki, Ina Zai Kai Kukansa?

Duk matafiyin da ya bi hanyar Kaciya daga Kaduna sai ya ratsa Kujama, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun. A ƙasar wannan ƙaramar hukuma matatar man fetur ta Kaduna take, wadda aka buɗe a 1980, kuma a unguwanninta irin su Nasarawa da Sabon Tasha ne ɗimbin ma'aikatan masaƙun Kakuri suka kafa iyalansu. Amma magidancin da aka miƙa wa takardar sallama a wannan yanki ba shi da ofis ko guda da zai shiga ya nemi kuɗin tallafin rashin aiki, domin Nijeriya ba ta da irin wannan tsari.

Abin takaicin shi ne an yi alkawarin a rubuce. Tsarin mulki na 1979 da na 1999, a sashe na 16, sun ɗora wa hukuma nauyin tanadin tallafi ga marasa aiki da marasa lafiya da tsofaffi. Sai dai sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika abin da ke cikin wannan babi. An ba talaka da hannun dama, an karɓe da na hagu.

Sakamakon haka a fili yake. Masaƙar KTL, wadda aka kafa a 1957, ta rufe ƙofa a 2002. Ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa har ƙasa ta rufe idonsu ba su karɓa ba. Masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007. Kafanchan, mahaɗar jiragen ƙasa, ta ga yadda durƙushewar reluwe ta jefa gidaje cikin ƙunci. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta bayyana cewa malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji, aka sallame su. A 2021 aka sake sallamar dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, har Ƙungiyar Ƙwadago ta ƙasa ta shiga yajin aiki a watan Mayu. Ko da an ce kowace sallama tana da hujjarta, tambaya ɗaya tana nan: me 'ya'yan waɗannan bayin Allah za su ci kafin uban ya sami wani aikin?

Ƙofa ɗaya ce doka ta bari a buɗe. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya kuma yi wata 4 bai sami wani ba, ya cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Sai ya kai takardar sallama ga kamfanin da ke kula da asusun. In mai aikinsa bai zuba kuɗin da ya yanka daga albashinsa ba, ƙara tana zuwa Hukumar Fansho ta ƙasa, daga nan zuwa Kotun Ma'aikata, wadda ke da reshe a Kaduna. Ashe da gumin ma'aikaci ake yi wa ma'aikaci kyauta! An ce masa ya cinye irin shuka da rani, ranar tsufa kuma ya tarar da rumbu fanko. Ɗan kwantiragi da lebura, waɗanda yawancinsu ba a taɓa buɗe musu asusun ba, ko wannan ba su da shi.

Masu kare wannan hali kan ce ƙasa ba ta da kuɗi, kuma tallafi zai haifar da lalaci. Ingila ta soma inshorar rashin aiki tun 1911. Afirka ta Kudu tana da asusu wanda ma'aikaci ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsa, mai aiki ya zuba kashi 1. Kuɗin na masu aikin ne, ba sadaka ba ce daga baitulmali. A irin wannan tsari mai karɓa yakan bayyana duk abin da ya samu ta wata sana'a domin a daidaita rabonsa, wanda aka hana kuma yana da inda zai ɗaukaka ƙara. Ina lalaci a nan? Hukumar Samar da Ayyukan Yi da aka kafa a 1986 tana koyar da sana'a, amma koyon sana'a ba ya biyan kuɗin haya na watan da aka kori mutum.

Wajibi ne Majalisar Tarayya ta kafa asusun inshorar rashin aiki, wanda mai aiki da ma'aikaci za su riƙa zuba wa kuɗi, da wakilan ƙungiyoyin ƙwadago a hukumar gudanarwarsa. A buɗe masa ofis a kowace hedkwatar ƙaramar hukuma, har da Kujama da Kafanchan, yadda mutumin Jema'a ba sai ya ci bashin kuɗin mota zuwa Kaduna ba. A buga takardun nema da Hausa da sauran harsunan yankin. A yanka wa jami'i wa'adin ba da amsa a rubuce, a kuma kafa kwamitin ɗaukaka ƙara da ba ya bukatar lauya. Kafin nan, kada a bar wata hukuma ko kamfani ya sallami ma'aikaci sai haƙƙinsa ya shiga hannunsa. Ma'aikatan Kakuri sun yi haƙuri har kabari, kuma bai kamata a nemi irin wannan haƙurin daga 'ya'yansu ba.