Kafin Ka Yaba Tuwo, Tambayi Wanda Ya Tuƙa

A wannan makon allonmu zai leƙa wani birni mai nisa, wato Charleston da ke Jihar Carolina ta Kudu, a kudancin Amurka. Turawan Ingila ne suka kafa shi a 1670, suka raɗa masa sunan sarkinsu, Charles na Biyu. A yau baƙi na tururuwa zuwa can saboda abu biyu: tsofaffin gine-gine da kuma abinci. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya je ya ɗauki hoto, ya cika cikinsa, ya dawo bai tambayi waɗanda suka gina birnin suka kuma koya masa girki ba, to ya yi asarar kuɗin jirginsa.

Abin kallo kam akwai shi. Akwai jerin gidaje 13 masu fenti kala-kala da ake kira Rainbow Row. Akwai keken doki da ke zagayawa da baƙi cikin tsofaffin unguwanni. A bakin tashar jiragen ruwa kuma ga sansanin soja na Fort Sumter, inda aka fara ɓarin wuta a yaƙin basasar Amurka ranar 12 ga Afrilu, 1861. To amma da wace dukiya aka gina wannan birni? Mafi yawanta daga shinkafa ta fito, shinkafar kuwa bayi ne suka noma ta. Masana tarihi sun kiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan Afirka da aka kai Amurka ta Arewa a matsayin bayi, ta wannan tashar aka shigo da su. Masu gonaki sun fi son sayen mutanen da aka kamo daga yankin Senegal da Gambiya da Saliyo, domin sun gaji noman shinkafa tun kaka da kakanni. Su suka sare dazuzzukan fadama, suka haƙa magudanan ruwa, suka surfa shinkafar a turmi, suka bakace ta da faifai. Har gobe jikokinsu, waɗanda ake kira Gullah, suna saƙa irin wannan faifan da kwanduna na ciyawa, suna sayar wa baƙi a kasuwar birnin.

Idan aka zo batun abinci, Bahaushe ba zai yi baƙunta ba sosai. Akwai wani girki da suke kira Hoppin' John, wanda ake ci musamman ranar sabuwar shekara. Shinkafa da wake ne, ɗan uwan garau-garau. Akwai jar shinkafa da ake dafawa da tumatir, mai kama da dafa-dukanmu. Akwai miyar kuɓewa. Akwai kuma wani ɗan biskit na riɗi da zai tuna maka da kantu, kuma sunan da suke kiran riɗin da shi, wato benne, daga harsunan Afirka ta Yamma ya samo asali. Sai dai Musulmi ya yi tambaya kafin ya kai loma, don sau da yawa ana saka naman alade a cikin waɗannan girke-girke. Abin lura a nan shi ne, mutanen da aka raba da iyayensu da harshensu da sunayensu, ba a iya raba su da abin da hannunsu ya iya ba. Tukunyarsu ta adana tarihin da ba a ba su damar rubutawa ba.

Wasu ƙalilan ma sun rubuta. Umar ibn Sa'id, wani malami daga Futa Toro, an sauke shi a Charleston a 1807. Ya gudu daga hannun ubangidansa na farko, aka kama shi a Carolina ta Arewa, aka kulle shi, ya riƙa rubutun Larabci a bangon kurkuku. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya buɗe shi da Suratul Mulk. Ya rasu yana bawa. Baƙon da ya tsaya a bakin wannan teku bai san labarinsa ba, me ya gani?

Na san wani zai ce hutu ai hutu ne, wanda ya biya kuɗinsa don ya shaƙata bai kamata a cika masa kunne da labarin baƙin ciki ba. Babu mai hana kowa jin daɗin abinci ko ɗaukar hoto. Amma akwai rashin kunya a ce an yi shagalin biki a gonar da aka azabtar da mutane, ɗakunan da suka kwana na nan tsaye a gefe, ba wanda ya leƙa. Mutanen birnin da kansu sun fara gane haka. A 2018 majalisar birnin ta nemi afuwa a kan rawar da Charleston ta taka a cinikin bayi. A 2023 kuma aka buɗe babban gidan tarihi na baƙaƙen fatar Amurka a daidai matsayar jiragen da aka riƙa sauke bayi, mai suna Gadsden's Wharf. Idan mai gida ya yarda ya faɗi gaskiya, baƙo ba shi da hujjar toshe kunne.

Yawancinmu ba lallai ne mu taka Charleston ba, amma darasin ya shafe mu. Mu ma muna fita ziyarar ilimi, kuma mun san yadda take ƙarewa: hoto a bakin ƙofa, sayen tsire, sai a koma mota. Wanda ya je ganin badalar Kano, ya taɓa tambayar su wa suka ɗauko ƙasar da aka gina ta? Wanda ya ratsa Kasuwar Kurmi, ya san cewa a can ma an taɓa sayar da bayi? Namu tarihin ma yana da ɓangaren da ba ma son tunawa.

Don haka ina roƙon malamanmu na tarihi, kafin kowace fita a ba kowane ɗalibi aikin dawowa da amsar tambaya uku: wa ya gina wurin, wa ya ci moriyarsa, kuma sunan wa aka manta? Wanda ya kawo amsa mai ma'ana, Kulob ɗin 'Yan Jarida zai liƙa ta a wannan allo kowa ya karanta.