Akayau Da Safar Hannun Turawa

Makon jiya na halarci wani biki a Tudun Ƙofa, cikin garin Keffi. Ana tsakiyar shagali sai ga wani dattijo ya shigo fili da akayau ɗaure a ƙafafunsa. Ya yi tattaki, ya yi juyi, amma ba wanda ya ji amon ƙarfen, domin lasifika ta cika wurin. Samari kuwa dariya suka yi masa.

Abin da samarin nan ba su sani ba shi ne, hikimar da ke ƙafar tsohon ita ce masanan ƙasashen Turai suka daɗe suna nema. Akayau ƙarafa ne da maƙeri ke haɗawa yadda za su riƙa bugun juna. Mai rawa bai riƙe ganga ba, amma kowane taku nasa kiɗa ne. Haka 'yan koroso na Kano ke yi da abin da suke ɗaurawa a ƙafa.

A shekarar 1984 wani makaɗi mai suna Michel Waisvisz ya fito a birnin Amsterdam da na'urar da ake ɗaurawa a hannu, wadda ke mai da motsi ya zama sauti. A 2011 kuma mawaƙiyar Ingila, Imogen Heap, ta nuna safar hannun da daga baya aka sa wa suna Mi.Mu. A jikin safar akwai 'yan na'urori masu auna lanƙwasar yatsu da juyawar hannu, su aika wa kwamfuta, ita kuma ta fitar da amon da aka zaɓa.

Gaskiya ne tasu ta fi tamu yawan muryoyi. Amma tamu ba ta bukatar lantarki, kuma ba ta fi ƙarfin aljihun talaka ba. Bambancin da ya fi damuna shi ne, su suna rubuta iliminsu, namu kuwa yana cikin kan tsofaffi, ranar da suka kau ya bi su.

Saboda haka ina kira ga Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan Keffi da ta tura ɗalibanta wurin maƙera da tsofaffin 'yan rawa, a ɗauki sautin, a rubuta yadda ake ƙira. Masu karatun kwamfuta kuma su gwada haɗa akayau da na'urorin zamani. In mun yi sake, wata rana da kuɗinmu za mu sayo abin da muka gada. Allah ya ganar da mu.