Masu Fentin Mota, A Dubi Allah

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in koka game da wasu masu fentin mota, in kuma ja kunnen 'yan'uwana masu tsofaffin motoci.

Ina da Peugeot 504, wato Fijo, wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Haɗin Kaduna ce, daga kamfanin nan da ya fara aiki a 1975. Yanzu an daina ƙera irinta, in ta lalace ba sabuwa. Har gobe ita ke kai mini kaya kasuwannin ƙauye.

Da jikinta ya koɗe sai na zaga gareji uku ina tambayar kuɗin fenti. Na ukun ya yanka mini rabin abin da sauran suka ce, wai kwana huɗu in zo in ɗauka. Ni kuwa na ga banza ta faɗi. Ranar da na karɓo ta sai sheƙi take yi, har maƙwabta na yi mini barka. Damina ɗaya ta wuce, sai ga ƙuraje sun feso a ƙasan ƙofofi, fenti yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Araha dai ba ta ado!

Wani dattijon makaniki ne ya fahimtar da ni. Ya ce fesa fenti shi ne ƙaramin aiki, babban aikin yana ƙarƙashinsa. Sai an kankare tsohon fenti, an yanke inda tsatsa ta ci an yi waldar sabon ƙarfe, an goge da samfefa, an shafa fentin farko mai hana tsatsa, an bar shi ya bushe. Nawa gwanin cika ramukan kawai ya yi da fila ya fesa launi a kai, tsatsar na nan tana cin ƙarfe daga ciki. Dattijon ya ɗauko maganaɗisu ya bi jikin motar da shi. Duk inda fila ta yi kauri sai ya ƙi kamawa. Wallahi kunya ta hana ni ƙirga wuraren.

Don haka jama'a, kada sheƙin motar da aka gama jiya ya ruɗe ku. Ku ce mai fenti ya nuna muku wadda ya yi bara, ku nemi mai ita ku ji daga bakinsa. Direbobin tasha ma sun san na kirki. Ku duba inda yake fesawa, don wanda ke aiki a gindin bishiya cikin ƙurar hunturu, da ƙurar zai haɗa muku. Kada ku biya kuɗi duka a farko, kuma ku leƙa ku ga ƙarfen da idonku kafin a rufe shi.

Ba na cewa duka haka suke ba, akwai masu amana, kuma na san kayan fenti sun yi tsada. Amma gara a faɗa wa mutum gaskiyar kuɗin, in ba shi da hali ya haƙura ya tara. Ina kira ga shugabannin ƙungiyar makanikai da su sa doka a riƙa rubuta yarjejeniya gaban shaidu, wanda aikinsa ya ɓare kafin shekara ya sake shi kyauta. Ni dai ga shi zan biya sau biyu, har da ladan kankare ɓarnar wancan.

Naku,
Wani ɗan kasuwa,
Funtuwa, Jihar Katsina.